Kukan Kurciya da Kukan Jariri: Amsar Tambayoyinku

Wata mai jego daga Zariya ta rubuto cewa: "Malam, ɗana watansa biyu, sau huɗu ko biyar yake tashina kowane dare. Da na ce rigima gare shi, sai surukata ta ce mini, kukan kurciya jawabi ne. Me take nufi?"

'Yar'uwa, Allah ya raya shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Rabin karin maganar surukarki ta faɗa, ta bar miki sauran, kamar yadda manya suka saba. Cikonsa shi ne "mai hankali ke ganewa". Kalmar jawabi daga Larabci muka aro ta, a can ma'anarta amsa, da ta shigo Hausa kuma sai ta zama magana mai ɗauke da saƙo. Wato tana ce miki yaron magana yake yi, ki saurara.

Ni ma ina bayanta, domin kalmar rigima ba ta dace da shi ba. Mai rigima da gangan yake tayar da hankalin mutane, shi kuwa ɗan wata biyu ina ya san gangan? Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa yake narkewa, shi ya sa jariri kan sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da yini. Bambancin dare da rana ma sai wajen wata 3 jikinsa ke fara kama shi.

Ki lura da shi kafin kukan ya ɓarke. In yunwa ce, za ki ga yana tsotsar hannu, yana juya kai yana lalube da baki. In iska ce a ciki, sai ya riƙa murɗe-murɗe yana naɗe ƙafafu. Ki ɗora shi a kafaɗa, ki shafa bayansa har ya yi gyatsa. Wani lokaci zafi ne kawai, ko sauro, ko ya jiƙe. Amma in jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, wannan jawabin na asibiti ne, kada a tsaya ba shi dauri. Ruwa ma a bari sai ya cika wata 6.

Tambaya ta biyu daga wani magidanci ce a Maraɗi: "Kullum maiɗakina sai ta ce kwanan zaune ta yi. Mene ne asalin maganar? Sannan rarrashi ne daidai ko lallashi?"

Malam, duka biyun Hausa ce, abu guda suke nufi, bakin da ka tashi da shi ne kawai. Haka raino da reno, barci da bacci.

Kwanan zaune ne abin dubawa. Kwana shi ne wucewar dare a kan mutum, har a Sakkwatanci barcin kansa ana ce masa kwana. To mai kwanan zaune dare ya wuce a kansa haƙarƙarinsa bai taɓa shimfiɗa ba. Maganar masu jinya ce da masu raino: uwa ta jingina da bango, yaro a cinya, tana jijjiga shi tana gyangyaɗi har a kira assalatu.

A da mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, ta yi arba'in wurin iyayenta, inda kaka ko gwaggo za ta karɓi yaron ta goya shi da majanyi, uwar ta samu ta runtsa. Yau ma'aurata da yawa su biyu ne rak a gidan haya. Saboda haka in ta ce maka kwanan zaune ta yi, ita ma kukan kurciya take maka. In ta gama ba shi nono cikin dare, ka karɓe shi ka yi ta zagaya ɗaki da shi, in barci ya ɗauke shi ka kwantar da shi rigingine a cikin gidan sauro.