Ƙanena, ga amsar tambayarka kan 'yan sandan Ingila

Na ji saƙonka, wai an ce maka a Ingila ɗan sanda ba ya taɓa mutum sai da takardar kotu, kana so in tabbatar maka kafin ka taho karatu. Wallahi wanda ya faɗa maka haka bai taɓa tsayawa a bakin titi hannu a buɗe ana laluben aljihunsa ba.

Ni an yi min, shekarata ta farko. Na taso daga aikin dare wajen shida na safe, sanyi kamar zai cire kunne, ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa su biyu suka tare ni. Na ce me na yi, suka ce ba ka yi komai ba amma an sa sashe na 60 a yankin nan. Sashe ne na wata doka ta 1994, in babban jami'i ya ga ana fargabar rikici da makami a wani yanki sai ya ba da izini na awa 24, kuma ana iya ƙarawa, a lokacin duk wanda suka ga dama sai su caje shi ko ba sa zarginsa da komai. Suka sa na cire jaket da safar hannu, aka zazzage jakata a kan benci, littattafai, caja, har hoton Mama ya faɗo ƙasa na duƙa na ɗauka mutane na wucewa suna kallona kamar ɓarawo. Ba duka ba zagi, amma ranar ko lakca ban iya shiga ba. Yau shekara bakwai, na gama digiri da gumina ina aiki ina biyan haraji, amma abin nan bai bar raina ba, kuma alƙaluman gwamnatinsu da kanta sun nuna baƙar fata aka fi tarewa.

In ba irin wannan izini na musamman ba, dokar 1984 ta ce sai suna da dalili mai ƙarfi na zargi, kuma dole su faɗa maka sunansu, ofishinsu da abin da suke nema. Ka nemi takardar shaidar cajen, haƙƙinka ne. Ba dole ka faɗi sunanka ba, amma kar ka ce za ka hana su, yardarka ba ta cikin lissafi kuma suna da ikon amfani da ƙarfi. Kar ka kuskura ka yawo da wuƙa a jaka, ana iya ɗaure mutum har shekara 4, bizarka kuma ta shiga matsala.

Filin jirgi ma ya fi tsanani, dokar ta'addanci ta 2000 ta ba su damar riƙe ka har awa 6 ba tare da zargi ba, a nan dole ka amsa tambaya, in sun nemi lambar buɗe wayarka dole ka bayar. Don haka ka bi wayarka ka share tarkacen bidiyon da ake turowa a guruf tun kafin ka hau jirgi, ka turo min ranar da za ka sauka in zo in ɗauke ka.