"Kai ne babba, ka yi haƙuri": amsar Gwaggo

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce yaronki ɗan shekara 7 in aka cinye shi a wasa sai ya kai duka, har malamar Islamiyyarsu a Kubwa ta yi miki magana. Kina tambaya ko al'adarmu ta cewa "kai ne babba, ka yi haƙuri" ce ta sa yake tara abu a ciki.

Ai rabin al'adar kuka riƙe. A da in an ce babba ya haƙura, nan take ake sa ƙaramin ya mayar da abin da ya ƙwace, ya ba yayansa haƙuri. Babban kuma yana da girmansa: shi ke fara sa hannu a kwano, shi ke raba nama. In kullum danne shi ake yi ba a ba shi wannan girman, sai ya ga mai kuka ne ke cin riba, ya je ya huce a kan yaran waje.

Sa'ad da ransa ya ɓaci, ki ajiye wa'azi, ba zai ji ba. Ki kama hannunsa ki fitar da shi daga cikin yara ba tsawa, ki zaunar da shi. Koyarwar Annabi (SAW) ce: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya kuma nemi tsari daga Shaiɗan. Ki ba shi ruwa ya sha, ya wanke fuska. Minti 5 zuwa 10 sun ishe shi. Za ki gane ya sauko in numfashinsa ya daidaita, ya iya ɗaga ido ya kalle ki. Sannan ki ce, "Ka ji haushi an fitar da kai, ko? To me ya faru?" Ki bar shi ya kai aya. Daga nan a kira wanda ya daka, kowa ya faɗi nasa, su yi musabaha, su koma wasa tare a ranar. In kika tilasta masa ba da haƙuri da zafinsa, baki ne kawai zai faɗa, gobe su ɗora daga inda suka tsaya. Bulala kuwa, abin da take koya masa a nan shi ne mai ƙarfi ke duka.

Babbar matsalar zamanku na Abuja ita ce gida a kulle, waya a hannu, kowa da farantinsa. Ina yaro zai saba da shan kaye? Dandali ne ke koyar da wannan: langa, ɓuya, carafke, dara, kowanne da dokarsa da jiran layi. Ki yi magana da maƙwabta ku haɗa yara 4 zuwa 6, da ɗaya mai ɗan wayo a cikinsu, sau biyu a mako bayan la'asar, kamar rabin awa. Su ci abinci tukuna, don yunwa da gyangyaɗi su ne rabin rigimar yara. A faɗi doka kafin a fara: ba duka, ba zagi, wanda ya fita ya jira zagaye na gaba. Zagayen ya zama gajere, don dogon jira ne ke tunzura wanda aka fitar. Ki zauna gefe, kada ki tsoma baki a kowace gardama sai kin ga hannu zai tashi. Kada kuma ki roƙi yaran su bar masa ya ci. Iyaye na yin haka don a zauna lafiya, su ɓata aikin gaba ɗaya. Ranar da aka cinye shi ya haƙura, ki faɗa masa kin gani. In an tashi, ki ba shi gyaɗa ya raba, shi ya ɗauka a ƙarshe.

Da daddare ki mayar da su kwano ɗaya da ƙanensa, kowa ya ci gabansa. Ku haɗa baki da babansa, kada ɗaya ya hana, ɗayan kuma ya ɗaure masa gindi, ku kuma rage ɗaga murya a gabansa.

In an yi wata biyu ko uku ba sauyi, ko yana cizo, ko yana ji wa kansa ciwo, ki binciki ko wani na cin zalinsa a makaranta, ki kai shi wurin likitan yara a duba har da kunnensa da barcinsa.