Man shafawar da ɗan talla ya ce na hodar iblis ne

Ɗana, ka tambaye ni kan man shafawar nan da ɗan talla ya kawo ranar kasuwar Maigatari, wai daga hodar iblis aka yi shi, ana gwajinsa a Turai, shafa ɗaya ciwon gwiwa ya gudu. Har kana cewa mu ɗauki katan. Ba za mu ɗauka ba, ko da yake ba duk maganarsa ce ƙarya ba.

Magungunan da ke kashe zafi a wuri guda, tushensu daga hodar iblis ɗin yake. A 1860 Albert Niemann, a Jamus, ya tace sinadarin daga ganyen koka na Kudancin Amurka, ya lura yana kashe harshe. A 1884 likitan ido Carl Koller ya ɗiga shi a ido, aka yi tiyata majinyaci na farke. Toshe ƙofofin da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ke bi ya shiga jijiya yake yi, sai saƙon zafi ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Amma yana kama mutum ya kasa bari, ya hargitsa bugun zuciya, ya ta da jini. Shi ya sa masana suka kwaikwayi ɓangaren da ke kashe zafin suka watsar da sauran, aka sami Novocain a 1905, sai lidokain a Suwidin a 1943. Wannan da likitan haƙori ke tsira wa a dasashi, shi ne, kuma babu hodar a cikinsa ko ƙwaya.

Ita kanta hodar har gobe likitoci a Amurka na shafa ta a cikin hanci kafin tiyata, don tana tsuke jijiyoyin jini. A asibiti ke nan, da awo.

To maganin da ake gwaji ba ya yawo a jakar leda. Juya kwalin ka gani: ba lambar NAFDAC, ba adireshin kamfani, ranar ƙarewar ma da biro aka rubuta. In da gaske akwai hodar a ciki, mu da NDLEA ne. In babu, mun cuci dattijon da ya sayar da tiyar gero ya saya.

Ko masu rajistar ma sai da lura. Kada a shafa kan buɗaɗɗen rauni ko a lafta wa jiki duka, jini na zuƙe shi. Mai benzokain kuwa, wani sinadarin kashe zafin, in uwar goyo ta nema don haƙoran jariri, ka hana. Tun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a shafa wa yaro ƙasa da shekara 2, don yana iya hana jini ɗaukar iska. Gwiwar da ta kumbura kuma take zafi, tura mai ita asibiti.