Idan Ciwo Ya Tashi Ana Cikin Jirgin Sama

Tambaya: Likita, mahaifina zai tashi daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina zuwa aikin Hajji. Yana da hawan jini da ciwon suga. Idan jikinsa ya motsa ana sama, wa zai taimaka masa? Daga wata baiwar Allah a Daura.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kai Baba lafiya, ya dawo da shi lafiya. Ma'aikatan jirgi suna da horo kan agajin gaggawa, kuma akwai akwatin magani da tukunyar iskar oksijin a ciki. Manyan jirage da yawa suna ɗauke da na'urar farfaɗo da bugun zuciya. In abin ya fi ƙarfinsu, sai su yi cigiyar likita ko nas a cikin fasinjoji, wasu kamfanonin ma suna da likitocin da ake tuntuɓa daga ƙasa. Sauka a filin jirgi mafi kusa kuwa, matuƙi ne ke yanke wannan hukunci.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya gano ana samun irin wannan larura sau ɗaya a kowane tashi 604. Suma da jiri ne suka fi yawa, kusan kashi 37 cikin ɗari, waɗanda suka rasu ba su kai kashi ɗaya ba.

Sumar nan ce ta fi damuna da dattawanmu. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, oksijin ɗin da ke shiga jini kuma yana raguwa, kamar mutum yana kan tsauni mai tsayin mita 2,400. Ga tsoho ya kwana a sansanin alhazai bai runtsa ba, sannan ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya kai shi banɗakin da bai saba da shi ba. Mai suga kuma ya sha magani bai ci komai ba. Yana miƙewa sai duhu ya rufe masa ido.

Don haka Baba ya sha ruwa, ya riƙa motsa ƙafafu, ya sa dabino ko alewa a aljihu. Magungunansa su kasance a jakar hannu, musamman insulin, wato allurar masu ciwon suga, domin sanyin ɗakin kaya yana iya lalata shi. Ki rubuta sunayensu a takarda ki ba abokin tafiyarsa.

Ki kuma roƙe shi kada ya yi ta dauriya irin ta manya. Da ya ji nauyi a ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya, ko zufa ta keto masa, ya danna maɓallin kiran ma'aikatan jirgi nan take. In ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, sai likitansa ya amince kafin ya hau jirgi.