Kiɗan jaz da baje kolin abinci, kayan nasara ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗan lise ne a unguwar Zango nan Damagaram. Na ga sanarwa a Facebook za a yi wasan kiɗan jaz tare da baje kolin tarihin abinci, abokaina sun ce kayan nasara ne ɓata lokaci kawai. Wai mene ne jaz ɗin nan, kuma abinci ma har tarihi gare shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka je, don Allah ka je, abokanka ba su san kan zancen ba.

Jaz baƙar fatar Amurka ne suka haife shi, a birnin Niyu Olins wajajen 1900, jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka aka sayar bayi. A garin akwai wani fili da ake ce ma Dandalin Kwango, nan a da bayi ke taruwa ran Lahadi suna kiɗa da rawa irin na gida, to wannan kiɗan ne ya gauraya da ƙahonnin badujala na soja da waƙoƙin coci har aka samu jaz. Shi ya sa da Louis Armstrong mai busa ƙaho ya sauka Akara babban birnin Gana a 1956 tarbar ɗan gida aka yi mashi. Wanda ma ya fi taɓa mani zuciya shi ne Yusef Lateef, babban mabushin jaz kuma Musulmi, ya baro Amurka ya zauna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Ka ga shi ya biyo namu har gida, mu kuma muna gudunsa muna cewa na nasara.

In ka shiga kada ka tsaya jiran baiti da amshi irin na rediyo, sau da yawa babu ma mawaƙi. Za su fara da take guda duka tare, sai mai saksofon, wani irin ƙahon ƙarfe da ake busawa, ya ware ya yi ta yawo da taken nan yana ƙirƙira nan take, mai ganga na ba shi amsa, in ya gama a tafa mashi wani ya karɓa, daga ƙarshe su koma kan taken farko. Ka taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarki a Birni ranar hawan salla, mai algaita ya cika kumatu yana ja yana lanƙwasa busa ba ya ko yankewa, makaɗa na bin sa a baya? Da wannan kunnen za ka saurara. Minti goma na farko zai iya yi maka kamar hayaniya, daure, ka bi mai jita babba ɗin nan mai kaurin murya, shi ke riƙe da igiyar.

Abinci kuwa tarihi gare shi sosai. Gero namu ne na Sahel, an fi shekara 4000 ana nomansa. Amma barkono, tumatir, masara, rogo da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, wato ƙuli-ƙulin da ke jikin kilishinka da yajin ma baƙi ne da suka zama 'yan gari. Gishirin Bilma ayarin raƙuma ke kawo shi, goro fatake suka riƙa ɗauko shi daga Gwanja, dogon burodin da kake ci da shayi da safe kuma Faransawa suka bar mana.

Abin da ke ci mani rai shi ne namu na ɓacewa shiru, dunƙulen Maggi ya kusa korar daudawar kalwa daga tukunya, turmi ya koma gefe injin niƙa ya karɓe. Saboda haka ka tafi da kaye da biro ka rubuta abin da ka gani, in ka dawo ka zauna gaban kakarka ka tambaye ta da me ake kaɗa miyar kuka lokacin tana budurwa, da abin da suka ci a yunwar 1984, ka ɗauki muryarta a salula.