Dalilin da ya sa aka sauke bokitan sama na Disneyland

Malam, tambayarka ita ce: ka kalli tsohon bidiyon Disneyland, wurin wasan nan na Amurka, ga bokitai masu launi suna ratsa sama a kan igiya, Amurkawa sai kukan kewarsu suke yi, to me ya sa aka cire abin da jama'a ke so haka, alhali ga irinsa nan a Ɗa'ifa masu Umara na hawa lafiya lau? Kuma za a iya mayar da shi?

Na Ɗa'ifa da wanda ka gani a bidiyo danginsu ɗaya, amma ba sa'o'in juna ba ne. Na bidiyon sunansa Skyway, ƙirar kamfanin Von Roll na Suwizalan, samfurin da ake kira 101. An buɗe shi a Disneyland ta Kalifoniya a watan Yunin 1956, aka rufe a Nuwambar 1994. Na Disneyland ta Tokiyo aka rufe shi a 1998, na Magic Kingdom, wurin wasan Disney da ke Fulorida, a 1999. Asalin ƙirar ma ba don wasa aka yi ta ba, tun 1945 ake ɗaukar mutane da ita zuwa kan duwatsun Suwizalan.

Sai ka san yadda yake aiki kafin ka gane abin da ya kashe shi. Igiyar ƙarfe ɗaya ce tal, an haɗe bakinta ta zama zobe, tana zagaya manyan wili biyu. A tasha ɗaya akwai inji mai juya wilin, a ɗayar kuma an rataya ƙaton dunƙulen kankare yana jan wilin baya don kada igiya ta saki. Igiyar ba ta tsayawa don a hau ko a sauka. Bokitin ne ke sakinta. A saman kowane bokiti akwai madamƙi mai muƙamuƙi, wanda sifirin da nauyin bokitin kansa ke matse shi a jikin igiya, sannan da ƙananan tayoyi. Da bokiti ya shigo tasha, sai tayoyin su hau wani dogo da ke sama, wani ƙarfe ya danne hannun madamƙin ya buɗe, igiya ta wuce abinta.

Daga nan fa sai ƙarfin ɗan Adam. Ma'aikaci ne zai tare bokitin da hannu biyu ya kashe masa gudu, ya buɗe ƙofa, a sauka. Wani ya tura shi ya zagaya kwanar dogon, ya zuba mutum huɗu, ya kulle ƙofa ta waje. Na ƙarshe ya kai shi bakin gangara ya jira ƙararrawa, sannan a sake shi ya gangara har gudunsa ya zo daidai da na igiya, madamƙi ya cafke. Haka daga safe har dare, bokiti bayan bokiti, kowanne da nauyin manya huɗu. Ciwon kafaɗa da na baya sun zama ruwan dare ga masu wannan aiki. Yanzu yi lissafi da kanka: a ce ana sakin bokiti kowace daƙiƙa 15, mutum 960 ke nan a awa daga kowace tasha, shi ma in kowane bokiti ya cika kuma ba wanda ya tsaya neman takalmin yaro. Ga ma'aikata uku ko huɗu a kowane gefe. Mai wurin wasa yana duba wannan ya ga wani wasan zai kwashi ninkin haka da hannaye kaɗan.

Gyara kuwa shi ne babban ramin kuɗin. Madamƙi ba a yi masa duban ido kawai. Ana sauke shi a kwance shi ɗai-ɗai, a wanke giris, a bi shi da gwajin maganaɗisu don gano tsagar da ido ba ya gani, a mayar, sannan a ɗaura shi a igiya a ja da ma'auni a ga ko zai zame. In muƙamuƙin ya cinye ko sifirin ya gaji, to a kan hawa mai tsayi bokiti na iya sulalewa baya ya daki na bayansa. Igiyar ita ma ana zura ta cikin na'urar maganaɗisu a ƙirga wayoyin da suka tsinke a ciki. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne mahaɗarta, domin ba ƙulli ake yi ba, ba kuma walda ba. Warware tufkar bakin biyu ake yi a saƙa su cikin juna, tsawon saƙar ya kai kaurin igiya sau 1,200. Igiya mai kaurin milimita 25 tana bukatar saƙar mita 30, kuma dole kaurin wurin ya zauna kusan daidai da sauran, in ba haka ba madamƙi ba zai kama da kyau ba. Masu iya wannan saƙa ba su da yawa, ɗauko su ake yi daga nesa. Sai robar wilin da ke kan turakun da ke ɗauke da igiya a hanya, wadda igiya ke ci kullum, da boris ɗinsu. In wili ɗaya ya karkace, igiya za ta riƙa hawa gefensa, wata rana iska ta taimaka mata ta fice.

Iskar ita ce abokiyar gaba ta farko. Bokiti mara nauyi, buɗaɗɗe, rataye a igiya ɗaya, da ta buso daga gefe sai lilo. Shi ya sa ake kafa ma'aunin iska a kan turke, da ya kai ƙa'ida a daina loda mutane. In wuta ta ɗauke akwai ƙaramin inji na ko-ta-kwana da zai jawo bokitai a hankali zuwa tasha. In shi ma bai yiwu ba sai 'yan kwana-kwana da tsani da igiya, mutum ɗaya-ɗaya. A Fabrairun 2019 haka ta faru a SeaWorld ta San Diyego, mutum 16 suka maƙale a saman ruwa har cikin dare kafin a sauko da su. An kuma yi munanan haɗurra tun da can: a 1978 bokiti ya faɗo a wurin wasan Six Flags da ke kusa da St. Louis, mutum uku suka rasu, a 1979 aka sake yin wani a bajekolin jihar Tekzas da ke Dalas, mutum ɗaya ya rasu. Bayan waɗannan haɗurra, wurare da dama suka sauke nasu.

Na Disneyland yana da tasa matsalar ta daban. A 1959 aka gina dutsen Matterhorn a kan hanyarsa, aka bar ramuka biyu bokitai na ratsawa ta ciki, abin da tsofaffi suka fi tunawa ke nan. Amma turken tsakiya yana cikin dutsen, kuma bayanin da aka fi ji shi ne ƙarafunan wurin sun fara tsagewa, gyaransu sai an farke ginin. Ga tashoshin duk a sama suke, sai an hau bene, mai keken guragu ba shi da hanya, alhali dokar haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta fito tun 1990. Ga yara masu tofa yawu da jefa ƙanƙara a kan na ƙasa. Ni dai a ganina ba haɗari ne ya kashe shi ba, tarin kuɗin gyara ne ya haɗu da ƙarancin riba. Bayan rufewa aka toshe ramukan dutsen, tashar katakon da ke Fantasyland ta zauna cikin itatuwa har 2016 aka rushe ta.

Batun mayarwa, a cire rai. Kamfanin Doppelmayr na Ostiriya ya saye sashen igiya na Von Roll a 1996, masu sauran tsofaffin kuwa sukan sayi bokitai da madamƙan waɗanda aka rufe su ajiye don kayan gyara. Disney ta yi sabo a Fulorida a 2019, Skyliner, amma wannan abin sufuri ne tsakanin otal-otal da wuraren wasa: rufaffen ɗaki na mutum goma, tayoyi ne ke rage masa gudu a tasha, ba mai tare shi da hannu. Ya fi tsohon aminci nesa ba kusa ba, sai dai ba shi masu kewa ke nema ba. Su abin da suka rasa shi ne zama a buɗaɗɗen bokiti a tsakiyar wurin wasa, iska na dukan fuska, kana jin kiɗan ƙasa da ƙanshin gugguru, da wannan karkarwar da bokiti ke yi in ya haye wilin turke.

In kana son ɗanɗana ainihin 101, akwai a Cedar Point ta Ohayo, da gidan namun dajin San Diyego, da Busch Gardens ta Williamsburg, wadda tata mai tasha uku ce. Duba yanayin iska kafin ka sayi tikiti, ka kuma hau da safe, don ta fi tashi da yamma. Kada ka yi ta ɗaga tafiyar: na Six Flags Great Adventure, wanda aka ɗauko daga bajekolin duniya na New York na 1964, an yi ban kwana da shi a 2024.