Amsa ga mai son fara zana jarumin kwamik

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana kwaikwayon zanen Spider-Man da Batman, fuska tana fitowa daidai, amma da ka sauko jiki sai ya fito a sandare, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma kana tambaya ko rashin kayan aiki ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Fensir HB (mai matsakaicin tauri) ɗaya, 2B (mai laushi, ya fi baƙi) ɗaya, kilina mai laushi, rula, da rim ɗaya na farar takarda A4 sun ishe ka tsawon watanni. Matsalar tana wurin da kake farawa. Kana zana ido da abin rufe fuska ka gama su tsaf, sannan ka shiga neman inda sauran jikin zai zauna. Ka juya tsarin: awo tukuna, sai motsi, sai tsoka, kayan sawa su zo a ƙarshe.

Da kai ake auna jiki. Tsayin mutum na yau da kullum kusan kai bakwai da rabi ne. Jarumi ana ba shi takwas zuwa tara, shi ya sa kake ganin kansa ƙarami, jikinsa kuma cike da kwarjini. A littafin da Stan Lee da John Buscema suka fitar a 1978 kan yadda ake zanen kwamik irin na kamfanin Marvel, kai takwas da kashi uku cikin huɗu suka yi amfani da shi. Kai dai ka fara da takwas, ya fi sauƙin lissafi. Ka ja layi a tsaye mai santimita 24, ka raba shi gida takwas, kowane gida santimita 3. Gida na farko kai ne, daga tsakar ka zuwa haɓa. Ƙarshen gida na biyu ya faɗo a tsakiyar ƙirji, daidai kan nono. Na uku a cibiya. Na huɗu a matsematsi, inda ƙafafu suka rabu, kuma nan ne rabin jiki. Na shida a ƙasan gwiwa kaɗan, na takwas a tafin ƙafa. Mafi yawan masu farawa ƙafafu suke gajartawa saboda takarda ta ƙare musu, don haka ka sa alamar ƙasa tun kafin ka zana komai.

Maganar hannun da ke ba ka wahala kuwa, idan ya sauka a miƙe, gwiwar hannu tana daidai da cibiya ko sama da ita kaɗan, wuyan hannu yana daidai da matsematsi, yatsu kuma suna kai wa tsakiyar cinya. Ka tashi tsaye ka gwada a jikinka yanzu, za ka gani. Faɗin kafaɗu kamar kai biyu da ɗan ƙari ne, ƙugu ya tsuke sosai, jikin ya yi kama da alwatika mai kallon ƙasa.

Sandarewar kuma daga rashin layin motsi take. Kafin ka zana kowace gaɓa, ka ja layi ɗaya mai lanƙwasa da sauri, daga kai zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi. A kansa za ka ɗora ƙwai ɗaya na kai, babban ƙwai na haƙarƙari, ɗan akwati na ƙugu, da sanduna a matsayin hannu da ƙafa. Kada layin kafaɗa da layin ƙugu su kwanta iri ɗaya. Idan kafaɗar dama ta sauka, ƙugun dama ya ɗaga. Ka dubi ɗan dambe lokacin da ya ja hannun da aka naɗe baya zai kai duka: ƙirji ya murɗa gefe, ƙugu yana kallon abokin karawa, diddigen ƙafar baya ya ɗaga. Ka tsayar da bidiyon dambe ko kokawa a wayarka, ka zana tsayuwar cikin daƙiƙa 30, ka wuce wata. Guda 20 a rana. Za su fito ba kyan gani, kuma haka ake so, domin idonka ake horarwa ya kama motsi kafin hannu ya shagala da ƙawa.

Bayan nan ka mai da sandunan hannu da ƙafa su zama kamar gwangwani, gaɓoɓi kuma ƙwallo. Wannan ne zai cece ka ranar da za ka zana naushi yana tahowa wajen mai kallo: dunƙulen hannu babba a gaba, gwangwanin hannu ya ɓuya a bayansa, damtse ya ƙara ɓuya. Idan ka zana hannun da cikakken tsawonsa, naushin gefe zai tafi.

Tsoka kada ka cika ta. Kafaɗa, ƙirji, damtse, ciki, cinya da sha raɓa sun isa a farko. Idan hannu ya lanƙwashe, gaban damtse ya kumbura, bayansa ya miƙe. Duka biyun ba sa kumbura lokaci ɗaya. Wanda ya cika jiki da ƙulli ko'ina, buhun dankali yake fitarwa.

A fuska, idanu suna tsakiyar kai daidai, ba can sama ba, kuma tsakaninsu faɗin ido ɗaya. Kunne yana tsakanin layin gira da ƙasan hanci. Ko jarumin zai rufe fuska, ka zana fuskar a ƙarƙashi tukuna. Haka alamar jarumin da ke ƙirji, ta bi lanƙwasar ƙirjin. Alkyabbar da ke bayansa kuma duk ninkinta daga kafaɗa yake tasowa. Ka lura da yadda babbar riga ke zubowa idan mai ita ya ɗage ta kan kafaɗa.

Duk wannan da HB za ka yi shi, a hankali ba dannawa, don idan ka danna, kilina ba ta cire sawun. Kafin ka bi da 2B ko tawada, ka ɗaga takardar gaban madubi. Karkacewar da idonka ya saba da ita nan take za ta bayyana. In za ka sa tawada, alƙalami mai kaurin baki milimita 0.3 na cikin jiki, 0.8 na gefe da ɓangaren inuwa, kuma ka bari ta bushe sarai kafin ka goge fensir, in ba haka ba ta dame. Ka turo mana tsayuwa biyar na sanduna da ƙwai kawai, ba kaya, mu duba maka awon.